Yadda ake gyara kan aksul na Hilux, da yadda ake ƙara masa ƙarfi

Kan aksul, wato difarenshal, shi ne dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul na baya, inda furofela, wato doguwar sandar da ke kawo juyin injin zuwa baya, take ƙarewa. Aiki uku yake yi: yana karkata juyin furofela zuwa tayoyi, yana rage saurin juyin don ƙarfi ya ƙaru, kuma yana barin tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Ƙarfe ne mai haƙuri. Galibin waɗanda ake kawowa gareji a farfashe ba tsufa ne ya kashe su ba: ko dai mai ya tsiyaye ba a lura ba, ko ruwa ya shiga, ko kuma an taɓa buɗewa an mayar da kintace, ba da awo ba.

Bayanin nan a kan aksul na baya na Toyota Hilux yake, mai babbar giya inci 8, wanda ake zare kansa ɗungurungum ta gaba. Shi ne a cikin ɗimbin motocin da ke jigilar buhuna daga kasuwannin ƙauye da masu keta rairayi tsakanin Agadas da Dirku. Alƙaluman da za a kawo na littafin gyara ne na tsofaffin samfura masu silinda huɗu. Wasu sababbin samfura alƙalumansu daban ne, wasu ma da shim, wato siraran washa na ƙarfe, ake saita su a maimakon notin gefe, don haka ka gwada da littafin shekarar motarka kafin ka ɗaure komai. Tsarin aikin dai ɗaya ne.

Saurara tukuna

Kada ka kwance komai sai ka hau motar ka ji kukanta. Kuka mai tsini kamar busa, wanda ke tashi idan ka taka mai ya ɗauke idan ka saki, ko akasin haka, daga haɗuwar haƙoran babbar giya ne, wato kurawun, da ƙaramar da ke juya ta, wato finiyon. Idan sai ka saki mai yake fitowa, fara zargin boris ɗin finiyon ya saki ɗauri. Gurnani mai kauri da ke ƙaruwa da gudu, ko ka taka ko ka saki, boris ne ya ci. Idan gurnanin yana ƙaruwa lokacin da ka karkata motar gefe guda, ya ragu a ɗaya gefen, to boris ɗin taya ne, kan aksul ba ruwansa. Ƙwal guda lokacin tashi ko canza giya yana nufin wasa ya yi yawa, amma ka riga ka girgiza kuros ɗin furofela, domin shi ya fi yawan yin haka kuma gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bugu mai maimaita kansa daidai da juyin taya, haƙori ne ya karye. Ƙas-ƙas a kwana kaɗai, ƙananan giyoyin ciki ne.

Sai mai. Kullum ka fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa, dukansu sufana 24 ne. Idan ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka tsayar da mota a banza. Tara man a kwano mai tsabta ka kai shi rana. Idan ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Idan ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, ya sha zafi. Notin ƙasa yana da maganaɗisu: laushin garin ƙarfe kamar kwalli ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da za ka ji yana sukar yatsa, ko gutsure kamar ƙwayar shinkafa, ya isa dalilin buɗewa.

Kayan aiki

Ban da sufanu da guduma da kurfi, akwai abu huɗu da in babu su gara kada a fara. Agogon awo mai gindin maganaɗisu, wanda ke karanta 0.01 na milimita. Babbar sufanar awon ɗauri da ta kai Nm 350 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Ƙaramar sufanar awo mai allura, wadda ke karanta Nm 0 zuwa 5 ko kusa da haka. Sai fentin duba sawun haƙori, rawaya ko shuɗi, irin wanda ba ya bushewa. A ƙara da injin matsa boris, fula, maikiromita don auna shim, da ƙarfe mai ramuka na riƙe farantin furofela.

Kayan canji: boris huɗu (biyu na finiyon, biyu na gefe), oyil sil, sabon notin finiyon, bututun matsi, wato wanda ke zama tsakanin boris biyu na finiyon yana lotsewa idan an ɗaure noti, guda biyu (ɗaya ajiya ne, za ka ga dalili), shim iri-iri, gasket, da man giya GL-5. A boris, nemi Koyo, Nachi, NSK ko Timken, ka duba rubutun jikin ƙarfen, ba na kwali kaɗai ba. Araha ba ta ado a nan. Boris na jabu zai lalace ya tafi da giyar da ta ninka shi kuɗi sau goma.

Fitar da shi daga mota

Sa waigi a tayoyin gaba, ɗaga baya, ka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya ne. Zubar da mai. Yi alama da fenti a inda furofela ta haɗu da farantinta, ka kwance bol huɗun, ka ɗaure furofelar gefe da waya don kada ta rataye.

Kan aksul ba ya fita sai an janye shaf biyu da suka soke shi ta dama da hagu. Cire taya da durom, kwance bututun man birki da sufanar bututu mai lamba 10 ka toshe bakinsa, saki wayar birkin hannu, in akwai na'urar ABS cire ta tun yanzu. A bayan farantin birki akwai noti huɗu. Kwance su, ka jawo shaf tare da farantin gaba ɗaya. Tallafe shi yayin da yake fitowa, don kada haƙoran ƙarshensa su yage sil ɗin da ke bakin gidan.

Yanzu kwance notuna goma da ke kewaye da kan aksul, amma ka bar biyu na sama a sake har sai ka ɓamɓare shi daga gasket. Ya haura kilo 25, kuma zamewa yake yi saboda mai. Tara masa jak ko a kama maka. Kafin ka tafi tebur, haska cikin gidan ka wanke shi da kananzir har kwanon ƙasa, domin duk ɓarɓashin da ka bari a can zai dawo cikin sabon boris.

Awo kafin kwancewa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba gyara da ɓarna. Ɗaure kan a bayis ko a kan tebur, ka wanke mai daga haƙora. Dasa agogon awo a gefen haƙorin kurawun, can ƙarshen waje, allurar ta tsaya masa a miƙe. Riƙe finiyon kada ya motsa, ka kaɗa kurawun gaba da baya da yatsa. Abin da allura ta nuna shi ne wasan haƙori. Auna a wuri uku ko huɗu, ka rubuta. Sai ka mayar da agogon bayan kurawun, ka juya shi zagaye ɗaya: idan rawar da yake yi ta wuce milimita 0.10, ko dai kwandon da yake zaune a kai ya lanƙwashe, ko akwai datti a tsakaninsu. Shafa fenti ka ɗauki hoton sawun da waya. Idan tsohuwar giyar za ka mayar, waɗannan alƙaluma su ne jagoranka, domin haƙoran da suka shekara suna gugar juna a wuri guda sun saba da wurin. Ka matsar da su, kuka za su yi har ƙarshen rayuwarsu.

Da ƙusar alama, buga ɗigo ɗaya a murfin boris na hagu da mazauninsa, biyu a na dama. An huda murafen nan ne tare da gidansu a masana'anta, ba sa musanyuwa kuma ba sa juyuwa. Cire makullan notin gefe, kwance murafen, ɗaga kwandon. Zoben kowane boris da notinsa su zauna gefe guda, a ɗaura musu takarda. Buɗe lotsawar notin finiyon da kurfi, riƙe farantin, kwance notin da soket 30, jawo farantin da fula, cire sil, ka tura finiyon ta ciki. Shim ɗin da ke saita zurfin finiyon yana ƙarƙashin babban boris, manne da kan giyar. Auna kaurinsa ka rubuta.

Abin da za a duba: haƙora masu ramuka, ɓallewa, ko shuɗin ƙuna, zoben boris mai tabo ko layi-layi, wuyan kwando da boris ya taɓa juyawa a kai har ya siɗe shi, da wuyan farantin furofela, inda leɓen sil ke yin kwari. Idan farcenka ya maƙale a kwarin, sabon sil ba zai riƙe mai ba, a canza farantin. Ƙananan giyoyin ciki wasansu milimita 0.05 zuwa 0.20 ne, ana gyara shi da washar bayansu. Sandar da suke juyawa a kai ma a duba ta, ita ce ke fara ci idan direba ya saba barin taya ɗaya tana wulwulawa a taɓo.

Kurawun da finiyon tagwaye ne, tare aka goge su a masana'anta. Idan ɗaya ya lalace, duka biyun za a canza. Haɗa kurawun na wannan mota da finiyon na waccan, ko da adadin haƙoransu ɗaya, asarar kuɗi ce da lokaci. Wanda zai sayi na hannu a kasuwar kayan gyara, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya sayi kan gaba ɗaya, ya ƙirga haƙoran da kansa a wurin.

Haɗawa: finiyon da farko

Buga sababbin zobban boris ɗin finiyon a mazauninsu cikin kan aksul da abin da ya yi daidai da faɗinsu, har sai ƙarar guduma ta canza ta zama daskararriya, alamar sun zauna. Idan zobe bai kai ƙasa ba, daga baya zai zauna da kansa a kan hanya, ɗauri ya saki. Sa shim ɗin da ka auna, ko mai kaurinsa, ka matsa babban boris a kan finiyon. Dabara mai rage wahala ita ce a ɗauki boris iri ɗaya a ɗan goge cikinsa har ya riƙa shiga da hannu, a yi gwaji da shi, sai an sami shim ɗin da ya dace a matsa na gaskiya.

A wannan zagaye na gwaji ba a sa bututun matsi, ba a sa sil. Shafa wa boris man giya, shigar da finiyon, sa ƙaramin boris da faranti da tsohon noti, ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana juyawa. Abin da ake nema shi ne ɗaurin boris: ƙarfin da ake buƙata kafin finiyon ya fara juyawa. Da ƙaramar sufanar awo, sabon boris ya nuna Nm 1.9 zuwa 2.5, tsoho kuwa 0.9 zuwa 1.3. Amfanin wannan ɗauri shi ne, lokacin da injin ya tura, finiyon yana ƙoƙarin guje wa kurawun; in boris a sake yake, sai giyar ta sunkuya, nauyi ya koma bakin haƙori, ya ɓalle. In kuma ɗaurin ya wuce kima, boris ya yi zafi ya ƙone.

Kurawun a kan kwando

Goge fuskar kwandon da bayan kurawun da dutsen wasa mai laushi, don cire duk wani ƙaiƙayin ƙarfe. Kurawun a matse yake shiga, don haka ana dafa shi a tafasasshen ruwa, wajen digiri 100, a tsamo shi, a bari ruwan ya ƙafe, a ɗora da sauri tun yana da zafi, ramukan bol suna fuskantar juna. Kada a gasa shi da wutar walda ko a kan garwashi. Zafin da ya wuce kima yana kashe taurin ƙarfen, kuma ba a gani da ido. Kada kuma a jawo shi da bol yana sanyi, karkacewa zai yi. Bayan ya huce, a ɗaure bol ɗin a gicciye, wannan sannan na daura da shi, zuwa Nm 97, a lanƙwasa makullansu, ko a sa ruwan kulle bol idan irin marasa makulli ne. Matsa boris biyu na gefe.

Saita wasa

Saka kwandon da zobbansa, jera notunan gefe a kan zarensu, ɗora murafen bisa alamarka. Kafin ka ɗaure, tabbatar notin yana juyawa da hannu; in ya cije, zaren ya hau juna, ɗaga murfin ka sake. Ɗaure bol ɗin murfi ɗauri na wucin gadi kawai.

Notin da ke bayan kurawun, in ka ɗaure shi, yana tura kurawun wajen finiyon, wasa ya ragu. Na ɗaya gefen yana kore shi, wasa ya ƙaru. Ɗaure na bayan kurawun har wasa ya kai wajen 0.2, sannan ka ɗaure ɗayan sosai kana juya giyar don boris su zauna. Sassauta shi, ka sake ɗaurewa a hankali har daidai inda motsin gefe ya ɓace a agogo. Daga nan ƙara rami ɗaya zuwa ɗaya da rabi na ramukan notin. Yanzu boris ɗin gefe sun sami ɗaurinsu. Abin da ya rage shi ne matsar da kwandon gaba ɗaya ba tare da taɓa wannan ɗauri ba: duk ramin da ka sassauta a gefe guda, ka ɗaure irinsa a ɗayan, kuma kullum sassautawa ce farko. Ci gaba har wasan ya faɗa tsakanin milimita 0.13 da 0.18 a sabuwar giya. Ɗaure murafen zuwa Nm 78 ka sake aunawa, domin ɗaurin ƙarshe yakan ɗan motsa shi. Sake gwada ƙaramar sufana a notin finiyon: jimillar ta ɗara ta finiyon kaɗai da Nm 0.4 zuwa 0.6. Motar da za ta ɗauki kaya ko manyan tayoyi, a kai ta ƙarshen sama na wannan awo, kada a tsaya a ƙasa.

Karanta sawu

A nan ne ake sanin ko shim ɗin ya yi. Shafa fenti siriri a haƙora uku ko huɗu, gaba da baya, a wuri uku na kurawun. Naɗe farantin furofela da tsumma a riƙe shi da ƙarfi don a sami tirjiya, ka juya kurawun da sufana, gaba sau da yawa, baya sau da yawa. In babu tirjiya, sawun zai fito ƙarami ya yaudare ka.

Inda finiyon ya goge fenti zai bar tabo mai siffar ƙwayar dabino. Mai kyau yana zaune a tsakiyar tsayin haƙori, bai taɓa ƙoli ba, bai nutse gindi ba, gefunansa a dusashe, kuma a tsawon haƙorin yana tsakiya ko ya ɗan karkata ciki. Karkatar nan alheri ce, domin idan nauyi ya hau, sawun yana bazuwa waje. Idan tabon ya hau ƙolin haƙori, ko ya gudu ƙarshen waje a gefen da ke tura mota gaba, finiyon ya yi nisa: ƙara kaurin shim. Idan ya nutse gindi ya bar layi mai kaifi kamar an ja da reza, ko ya maƙale a ƙarshen ciki, finiyon ya shige da yawa: rage shim. Shim ɗin Toyota suna hawa ne da bambancin milimita 0.03, kuma mataki biyu ko uku sun isa su sauya sawun a fili. Tsayin tabon tsakanin ƙoli da gindi shi ne abin da za ka fi bai wa muhimmanci.

Duk lokacin da aka canza shim, sai an kwance komai, an sake ɗaurin finiyon, an sake saita wasa, an sake fenti. Sau uku, sau huɗu, ba abin mamaki ba ne. Wanda ya gaji a zagaye na biyu ya ce ai ya yi kusa, shi ne motarsa ke dawowa da kuka bayan mako.

Ɗaurin ƙarshe

Sawu ya yi kyau, sai a cire faranti da ƙaramin boris, a saka sabon bututun matsi, boris, farantin watsa mai, sabon sil da aka shafa wa giris a leɓe, faranti, da sabon noti. Ɗaure zuwa Nm 196, ka auna. In ɗaurin boris bai kai ba, ƙara Nm 13 a kowane karo, kana juyawa kana aunawa, iyaka 343. Bututun yana da taurin kai kafin ya fara lotsewa, amma da ya fara, ɗauri yana hawa da sauri ƙwarai, kwatar kwata na juyi tana iya wuce da kai. In ka zarce, ba a sassauta noti a ce an gyara, domin bututun da ya lotse ba ya miƙewa. Ciro na ajiyar nan ka sake. Injin ɗaure noti mai aiki da iska ba shi da wuri a wannan mataki. Lotsa bakin notin cikin tsagarsa, mayar da makullan notin gefe.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa canza sil ɗin finiyon a jikin mota yake kashe kan aksul da yawa: a kwance noti, a canza sil, a ɗaure iya ƙarfi, bututu ya ƙara lotsewa, boris ya ƙone. In dole ne a yi shi a mota, a yi wa noti da finiyon alama, a ƙirga zaren, a mayar daidai wurin.

Shaf da boris ɗin taya

Tunda shaf suna waje, a duba su. Haƙoran ƙarshe su kasance a miƙe. In sun fara murɗewa kamar igiya, shaf ɗin yana dab da tsinkewa. Boris ɗin taya a matse yake, zobe mai kauri da kilif suna riƙe da shi, kuma da injin matsi ake fitar da shi. Buga ƙarshen shaf a kan siminti yana ɓata haƙoran. Zoben riƙo sabo ake sakawa kowane karo, kuma a kansa leɓen sil yake gudu: shafa masa giris, tura shaf, juya, jawo, ka ga inda leɓen ya zana layi. Ya zama a tsakiyar goggen wurin, ba a baki ba. Takalmin birkin da ya sha man giya ba ya wankuwa, a canza. Bayan an mayar da komai, a fitar da iska daga birki.

Idan sil ɗin gefe guda yana ta yoyo duk da canji, shaf yana shiga da ƙyar, tayoyin baya suna cinyewa ta ciki, gidan aksul ne ya lanƙwashe saboda lodi. Shaf ɗin Hilux shi ke juya taya kuma shi ke ɗauke da nauyin mota, saɓanin yawancin Land Cruiser 70 da gidan ke ɗaukar nauyi, shaf kuwa juyi kaɗai yake yi.

Ƙara ƙarfi

Mafi araha kuma mafi amfani shi ne mashaƙar iska da ke saman gidan. Idan laka ta toshe ta, iska mai zafi tana tura mai ta sil. Idan kuma aka shiga rafi da aksul mai zafi, sanyin ruwa yana sa gidan ya zuƙo ruwa. Cire ta, ɗaura bakin tiyo, ja tiyon mai har saman shasi ko ɗakin injin, sa ƙaramar matata a ƙarshe, ka bar rara don aksul ya sami sauka. Motar da ke aiki da damina a fadama, wannan ne farkon abin da za a yi mata.

Na biyu, maye gurbin bututun matsi da daskararren bututu mai shim. Ba ya ƙara lotsewa idan farantin furofela ya daki dutse, kuma ana iya canza sil ba tare da fargaba ba. Saita shi yana cin lokaci, domin da siraran shim ake neman ɗaurin.

Na uku, canza reshiyo, wato sau nawa furofela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Raba haƙoran kurawun da na finiyon: 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 shi ne 4.88, 37 da 7 shi ne 5.29. Ana iya sani ba tare da buɗewa ba: ɗaga taya ɗaya, giya a sake, yi alama da alli, juya tayar sau 20 kana ƙirga juyin furofela, ka raba da 10. Babbar taya tana cinye ƙarfin mota, kuloci ya wahala, mai ya ƙaru. Lissafin shi ne tsohon reshiyo sau tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. Motar da ke da 4.30 a kan 205R16, mai tsayin kusan santimita 73, in ta koma 7.50R16 mai kusan 81, lissafi zai ba da 4.77. Mai yawan kwalta ya ɗauki 4.56, mai rairayi da lodi ya ɗauki 4.88. Kada a yi kwaɗayin 5.29 sai da manyan tayoyi na gaske, domin finiyon mai haƙora 7 ƙarami ne, haƙoran da ke ɗaukar nauyi a lokaci guda sun ragu. A mota mai jan ƙafa huɗu, tilas gaba da baya su zama reshiyo ɗaya. In sun saɓa, da an saka ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Giyar gaba kuma ba lallai ta zama irin ta baya ba: ta Land Cruiser 80, alal misali, yankan haƙoranta a juye yake.

Na huɗu, makulli. Difarenshal na yau da kullum yana ba tayoyi biyu ƙarfi daidai wa daida, don haka idan ɗaya ta rasa riƙo, ɗayar ma ba ta samun abin kirki. Mai faifan kuloci, wato LSD, yana rage wannan, amma yana son mai na musamman mai alamar LS, in ba haka ba ya riƙa karkarwa a kwana. Mai kulle kansa, irin Detroit Locker, ba ya buƙatar waya ko tiyo, sai dai yana ƙara a kwana kuma yana cin taya. Mafi dacewa da motar da ke raba lokacinta tsakanin kwalta da daji shi ne wanda direba ke kullewa da maɓalli: ARB na Ostareliya mai aiki da iska, ko na lantarki irin na Eaton da wanda Toyota ke sakawa a wasu samfura. A kulle kafin a shiga wuri mai wuya, mota a tsaye ko tana tafiyar ƙafa, ba lokacin da taya ke wulwulawa ba, a buɗe da an fita. Saka kowanne daga cikinsu na nufin sake saita ɗaurin gefe da wasa daga farko.

Walda ƙananan giyoyi don a kulle aksul har abada bai dace da motar haya ko ta lodi ba. A kowace kwana a kan kwalta shaf ne ke shan murɗa, mota tana turjewa, kuma ranar da waldar ta fashe, gutsattsarin suna shiga tsakanin kurawun da finiyon. Ƙarfafa gidan da ƙarfe a sama yana da amfani, amma a yi waldar gajere-gajere, nan kaɗan can kaɗan, ana bari yana hucewa. Dogon layi ɗaya zai lanƙwasa gidan da ake son miƙewa.

Mai da sabon tafiya

Mayar da kan da sabon gasket, haɗa furofela bisa alamar fenti. Mota a shimfiɗe, zuba GL-5 mai kauri 90, ko 80W-90, har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Yakan ci lita biyu da ɗoriya, wasu samfura kusan uku. Motar da ke jan lodi a zafin bazara, 85W-140 ya fi riƙe jikinsa. Man injin ko GL-4 ba sa jure gugar irin wannan haƙori.

Sabuwar giya tana zafi sosai a farko. Yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali, tsaya ta huce sarai, maimaita sau biyu ko uku. A kilomita 800 na farko ba lodi mai nauyi, ba jan wata mota, ba doguwar tafiya da gudu ɗaya. Daga nan a zubar da man yana da ɗumi, a duba maganaɗisu, a share shi, a zuba sabo, a kama farantin furofela a girgiza sama da ƙasa: kada a ji motsi ko kaɗan.